Kafin Ka Ɗauki Iyali Zuwa Bakin Tekun Gana

 

Tun da hutun makaranta ya matso masu sauraron shirinmu suke tare ni da magana ɗaya: suna so su kai iyali su ga teku, kuma Gana ce a ransu. Ban yi mamaki ba. Gana ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Kakanninmu fatake sun daɗe suna bin hanyar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su ɗoro goro a Salaga su juyo gida. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwar suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Akra, garin da tsofaffinmu ke kira Ankara. Shi ya sa yau in ka sauka Nima ko Sabon Zango ko Madina ka yi sallama da Hausa, da Hausa za a amsa maka.

Sai dai fatake tudu suka sani. Sun san rijiyoyi, sun san mashigar kogi, sun san zangon da za a yada. Teku kuwa ba ya cikin gadonmu. Kai maigida, kai ne madugun wannan ayari, kuma abin da nake so ka riƙe a shirin nan shi ne, watan da za ka tashi da wurin da za ka kwana da sa'ar da za ka fita da yara, duk tekun ne ya kamata ya tsara maka su.

Mu fara da wata. A nan arewa damina ɗaya muka sani, ta faɗi wajen Mayu ko Yuni, ta ɗauke a Oktoba. Gaɓar Gana damina biyu gare ta. Babbar tana kamawa daga Afrilu, ta yi ƙarfi a Mayu da Yuni, ta lafa cikin Yuli. Ƙaramar tana zuwa wajen Satumba zuwa Nuwamba. Tsakaninsu akwai Agusta, wanda ya zo daidai da dogon hutun yaranmu. A watan nan ruwan sama kaɗan ne, gari yana da sanyi-sanyi, sama a lumshe, domin ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙarƙashin teku zuwa sama, abin da ke kawo wa masunta kifi da yawa. Wata ne mai daɗin yawo. Amma a tsakanin Yuni da Satumba ne igiyar ruwa ta fi ƙarfi. Wanda ya je a Agusta ya je kallon teku, kada ya sa wa ransa shiga.

Daga Disamba zuwa Maris teku ya fi kwanciya, hazon hunturu yakan leƙo har gaɓa amma ba kamar namu ba. Matsalar Disamba cunkoso ne. Tun shekarar 2019, da gwamnatin Gana ta gayyaci baƙaƙen fata na Amurka da sauran ƙasashe su zo su ga tushensu, ƙarshen shekara ya zama lokacin da masauki ke tsada, kuɗin jirgi ke tashi. A ganina mai iyali ya fi samun sauƙi daga tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu, in aiki da makaranta sun bari. Haka kuma a lura da ranakun bukukuwa: Bakatue na Elmina Talatar farko ta Yuli, Fetu Afahye na Cape Coast Asabar ɗin farko ta Satumba. In kallon al'ada kake so, ka kama ɗaki tun da wuri. In hutawa kake so, ka kauce wa makon.

Wani zai ce, mu da muka saba da zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, inda ma'auni ke haura 40, me zafin 31 ko 32 zai yi mana? Ai ba irinsu ɗaya ba. Zafinmu busasshe ne, gumi na fitowa iska na shanye shi. Can kuwa iskar cike take da laima, gumi ya fito ya zauna a jiki. Shadda mai sitaci da ka fito da ita fes, kafin azahar ta manne maka a baya. Ka wanke riga ka shanya, ta kwana ba ta bushe ba. Takalmin fata in ya kwana biyu a jaka sai ya yi fumfuna. Saboda haka Hajiya, in za ki haɗa kaya, ki fifita yadi mara nauyi na auduga, da mayafi sakayau, da silifas na roba. Kayan ado kala ɗaya ya isa, don Juma'a. A sa waya da takardu a leda mai zif, domin iskar gishiri da yashi ba sa barin abu.

Sai takardu. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar zama har kwana 90 da fasfo mai rai. Kowane yaro da nasa fasfo, kuma in uwa ce kaɗai ko kawu zai tafi da yara, a riƙe takardar haihuwa da takardar amincewar mahaifi, saboda jami'an iyaka suna sa ido kan safarar yara, kuma suna da gaskiya. 'Yan'uwanmu na Nijar, tun da ƙasar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma iyakar Gaya da Malanville ta sha rufewa tun 2023, ku je ofishin shige da fice ku ji halin da ake ciki a makon da za ku tashi. Kada ku dogara da labarin wanda ya je bara.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne katin rigakafin cutar shawara. Allurar sau ɗaya ake yi, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta wadatar har tsawon rai, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Wanda ya bari sai ana gobe tafiya ya makara. Ina roƙonku da babbar murya, kada ku sayi katin ba tare da an yi muku allurar ba. Jami'in iyaka za ka iya ruɗa, sauro ba ya karanta kati. Tun da mun zo kan sauro, can babu rani da zai kashe shi, shekara yake yi yana cizo. A tafi da gidan sauro, a ga likita kafin tashi, musamman mai juna biyu da ƙananan yara. Gidan da ke da mai sikila kuwa, a kula ƙwarai: yawan gumi ba tare da shan ruwa ba, da daɗewa cikin ruwa mai sanyi, duka biyun suna iya tayar da ciwon.

Hanya biyu ce. Jirgi daga Legas zuwa Akra kamar awa ɗaya ne. Mota kuwa, tazarar ba ta kai kilomita 500 ba, wato ba ta kai rabin Kano zuwa Legas ba, amma iyaka uku za ka ƙetare: Seme ka shiga Benin, ka wuce Kwatano, Hilakonji ka shiga Togo, ka ratsa Lome, Aflawo ka shiga Gana. Togo a nan wajen siririya ce, faɗinta kamar kilomita 50. Ba tafiyar ke cin lokaci ba, tsayuwar ce. Ka ware mata yini guda cur, ka tashi da asuba. Da ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, haka zai zauna har Gana. Mai zuwa da motarsa ya tanadi inshorar ECOWAS da takardar shigar da mota, in ba haka ba a iyaka zai yini.

Daga Akra zuwa Cape Coast kilomita 150 ne ko ƙasa kaɗan, awa uku in hanya ta yi kyau. Ana samun mota a tashar Kaneshie. Cunkoson Kasoa, garin da ke bakin fita daga Akra, shi ke ɓata lissafi, don haka a fita kafin gari ya waye sosai. Kuma kada a yi tafiyar dare a hanyar nan. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, duhu na rufawa nan da nan, hanyar kuma ta yi ƙaurin suna wajen haɗari.

Kuɗinsu sidi ne, Benin da Togo kuma sefa. Ba zan faɗi canji ba, don kafin shirin nan ya ƙare yana iya sauyawa. Ka canza kaɗan a iyaka na ruwa da abinci, ka ƙirga a gaban mai canjin, sauran ka bari sai ka shiga gari ka je ofishin canji mai rajista. Kada ka dogara da katin bankinka kaɗai. Wani abu da ke ruɗa baƙo: a 2007 Gana ta yanke sifili huɗu daga kuɗinta, amma har yanzu za ka haɗu da dattijuwa a kasuwa ta ce maka dubu goma alhali sidi ɗaya take nufi. Ka tambaya a nuna maka takardar kuɗin. Kuɗin komawa gida kuwa, tun daga gida ka ƙulle shi daban, ka ba uwargida ta ajiye, kada a taɓa shi ko me aka gani.

Masauki. Na taɓa biyan kuɗin ɗaki kwana uku saboda hoton da na gani a waya, mun isa da dare muka tarar famfo ba ya kawo ruwa, ga mashaya a jikin bangon ɗakin, kiɗa har asuba, ga yara. Tun daga ranar na koyi biyan kwana ɗaya kawai, sai na gani da idona. Ka tambayi abu uku kafin ka sauke kaya: ruwa, wuta in an ɗauke, da abin da ke maƙwabtaka da ɗakin. Kuma ka yi abin da fatake ke yi, ka nemi zango. A Cape Coast akwai zango kusa da kasuwar Kotokuraba. Ka je masallaci, ka gaisa da liman, ka ce kai baƙo ne da iyali. A nan za ka ji inda ake yanka na halal, da direban da za a yarda da shi, da gaɓar da ta dace da mata da yara. Abinci ba zai ba ka wahala ba. Waken da suke dafawa da shinkafa suna kira wace, daga bakinmu sunan ya fito. Da safe ga koko da ƙosai, har kokon Hausa suke ce masa. Ka ɗanɗana dokunu da soyayyen kifi da yajinsu baƙi mai suna shito, amma a sa wa yara kaɗan. Kifin da za a ci ya zama an dafa shi yanzu, yana tururi. Nama kuwa a tambaya, domin ana sayar da naman alade a fili a wurare da yawa. Game da salla, a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ya daina ƙasaru, sai ka lissafa kwanakinka tun kafin ka isa.

To jama'a, yanzu mun iso bakin ruwa, kuma nan ne nake so ku ƙara kasa kunne.

Shekarun baya na je wata gaɓa yamma da Cape Coast tare da ɗan yayana, saurayi ɗan shekara 17, wanda ya tashi yana ninƙaya a kogi tun yana ƙarami. Muka tsaya muna kallon igiyar ruwa tana tasowa tana fashewa da farin kumfa dama da hagu. A tsakiya kuwa akwai wani wuri, faɗinsa bai fi tsakar gida ba, ruwan ya kwanta luf, ya ɗan fi sauran duhu. Yaron ya ce, "Baffa, ga wuri mai lafiya can," ya fara cire riga. Wani tsoho Bafante, ɗan ƙabilar yankin, yana zaune a inuwar kwalekwale yana ɗinkin koma, allurar katako a hannunsa. Sai ya daka mana tsawa da yarensu. Wani matashi ɗan zango da ya rako mu ya ce, "Baba ya ce ku dakata." Tsohon ya taso a hankali, ya ɗauki ɓawon kwakwa a ƙasa, ya wurga shi daidai wurin nan da ya kwanta. Ɓawon bai dawo ba. Muna tsaye muna kallo ya miƙe ya nufi cikin teku kamar ana jan sa da igiya, kafin mu ƙirga ashirin ya wuce inda igiyoyin ke fashewa, ya zama ɗigo. Tsohon bai ƙara cewa komai ba, ya koma kan komarsa. Yaron ya mayar da rigarsa.

Ga abin da ke faruwa. Duk ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma. Sai ya nemi wata 'yar kafa tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi, ya taru ya bi ta nan da gudu, kamar yadda ruwan sama ke taruwa ya bi kwata. Saboda wurin ya fi zurfi, igiya ba ta fashewa a kansa, shi ya sa ido ke ganin nan ne lafiya. Gudunsa yana iya wuce mita 2 a daƙiƙa guda, wanda ya fi ƙarfin gwanin ninƙaya na duniya. Alamominsa su ne ruwa mai duhu ko mai laka-laka, rashin kumfa a tsakanin wurare masu kumfa, da tarkace ko ganye da ke tafiya ciki maimakon fitowa. Gaɓar Gana da ta Togo da ta Benin da ta Legas duk suna da shi, kuma yawancin wuraren babu masu ceto.

Hausawa na cewa iya ruwa fidda kai. A nan fidda kai ba da ƙarfi ba ne. Wannan ruwa ba ya danna mutum ƙasa, waje yake fita da shi. Abin da ke kashe mutane shi ne su juyo su yi ta kokawa da shi suna son komawa gaɓa kai tsaye, har ƙarfi ya ƙare. Wanda ya faɗa ciki ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu ɗaya yana kira. In ya iya ninƙaya ya yi gefe, ya bi tsawon gaɓa, domin kafar ba ta da faɗi, da ya fita daga cikinta igiya za ta taimaka masa ta turo shi. Ku kuma da ke tudu, na san zuciya ba ta jure ganin ɗanka yana tafiya, amma sau da yawa wanda ya faɗa ceto shi ake rasawa. A kira masunta, a wurga masa jarka ko kular ruwa ko duk abin da ke yawo a kan ruwa, a buga 112, lambar agajin gaggawa ta Gana.

Ni shawarata ga wanda ya taso a tudu ita ce kada ruwa ya wuce masa gwiwa. Ko a nan ɗin za ka ji yashi yana zamewa a ƙarƙashin tafin ƙafarka duk lokacin da ruwa ya koma. Kada ka juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Yaro ƙarami hannunsa na cikin naka, ba a ce wa yayarsa 'yar shekara 10 ta kula da shi. 'Yan'uwana mata, ba ina cewa ku sauke sutura ba, amma ku sani zane da dogon hijabi in sun sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa, igiya ɗaya ta kayar da mutum ya kasa tashi. Ku tsaya inda kumfa ke ƙarewa, ya ishe ku jin sanyinsa. Haka maza masu babbar riga.

Kuma teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kullum lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Wata ne ke jan sa, don haka lissafin watanmu na Musulunci zai yi maka amfani: a tsayuwar wata da kuma daren 14 da 15 cikar ta fi yawa. Dutsen da kuka hau da hantsi kuna hoto, kafin la'asar ruwa na iya kewaye shi. Mai son yara su yi wasa da ruwa cikin kwanciyar hankali ya tambayi mutanen gari inda yake da kariya. Mai neman natsuwa kuma ya je da sassafe a ranar aiki, domin wurare irin su Labadi a Akra, ranar Asabar da Lahadi da yamma kiɗa ne da shaye-shaye, ba wurin iyali ba ne.

Kada ka cika jadawali. Kwana huɗu ko biyar a yankin Cape Coast sun isa. Safiya ɗaya ka ba dajin Kakum, kilomita 30 arewa da garin, inda aka ɗaura gadojin igiya guda 7 a saman bishiyoyi, mutum yana tafiya sama da mita 30 daga ƙasa. Mai jiri ya jira a ƙasa, babu kunya.

Safiya ɗaya kuma ka ba Elmina, kilomita 12 ko 13 daga Cape Coast. Ka isa kafin ƙarfe 7, ka tsaya kan gadar da ke bakin tafkin Benya. Za ka ga kwalekwale ɗaruruwa, kowanne an sassaƙa gindinsa daga gungumen itace guda, an yi masa fenti ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, da tutoci suna kaɗawa. Samari suna shiga ruwa har ƙirji suna ɗauko kwanonin kifi a ka, mata suna ciniki da ƙarfin murya, hayaƙin bandar kifi ya tokare sama. Amma kada ka je ranar Talata, ranar masunta ba sa fita, sai gyaran koma. Kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum, wurin neman abincinsa ne.

Daga kan gadar za ka hango farin gini a bakin ruwa. 'Yan Fotugal suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Shi da ɗan'uwansa na Cape Coast suna cikin wuraren tarihi da UNESCO ta yi wa rajista a 1979. A ɗakunan ƙasa na waɗannan gine-gine aka tsare mutane, maza daban mata daban, cikin duhu, kafin a fitar da su ta wata 'yar ƙofa zuwa jirgin ruwa. Da yawansu daga arewa aka gangaro da su, kuma Salagar nan da muka fara ambata, ba goro kaɗai aka sayar a kasuwarta ba. Ka shiga da natsuwa, kamar mai shiga maƙabarta. Ɗakunan ba iska, ka riƙe ruwan sha, ka je kafin rana ta take. Yara 'yan ƙasa da shekara 7 gara su zauna a farfajiya tare da babba guda. Manyan kuwa ka shiga da su, ka tsaya kusa da su lokacin da mai jagora zai rufe ƙofar kurkukun na ɗan lokaci, ka fassara musu abin da yake faɗa da Hausa.